Me ake ji a anime ɗin da babu faɗa sosai?

Malam, ka ce ka fara kallon Frieren, katun ɗin nan na Japan, barci ya kwashe ka, wai me mutane ke yabo. Gaskiya in dambe kake nema kowane minti biyar, ba naka ba ne.

Labarin ma daga ƙarshen yaƙi ya fara, an riga an kashe Sarkin Aljanu. Ita Frieren jinsinsu na daɗewa, ta haura shekara 1000, don haka tafiyar shekara 10 da ta yi da su Himmel, jarumin tawagarsu, a wurinta kamar jiya da yau ne, sai da ya tsufa ya mutu tana tsaye bakin kabarinsa sannan kuka ya ƙwace mata, wai me ya hana ta san shi da kyau. To daga nan fa komai ya ɗauko. Za ka ga an ɓata rabin kashi tana neman wani shuɗin fure don ta shuka gefen mutum-mutuminsa, ko ɗalibarta Fern na fama da ita ta tashi da safe, kai ka ce ba abin da ya faru, alhali halinta ne ke sauyawa a hankali.

Kamfanin Madhouse suka yi shi a 2023, zangon farko kashi 28. Faɗan ma akwai shi gaba, ka daure ka kai wurin aljanar nan Aura tukuna.