Burodi da fetur kawai ƙanena yake kai musu, yana da alhaki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙane ɗan acaɓa a wani ƙauye ta wajen Birnin Gwari. Na gano yana kai wa mutanen daji, wato 'yan bindiga, burodi da fetur da katin waya, suna biyansa ninki biyu. Da na yi masa faɗa sai ya ce bai taɓa riƙe bindiga ba, talauci ne, kuma gwamnati ce ta jawo. Wallahi na kasa barci. Daga mai karatu a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya yaye maka wannan damuwa, ɗan'uwa. Yana da alhaki, kuma ransa na cikin haɗari.

Tushen fitinar ba ɓoyayye ba ne: satar shanu da aka bari babu hukunci, burtalai da aka nome, masu riƙe da doka da suka tatsi makiyaya, 'yan sa-kai da suka riƙa kashe mutum saboda ƙabilarsa, ga makaman da suka bazu bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Wannan kason na shugabanni ne, kuma za su amsa shi.

Amma maganar nan ta "ni ciniki kawai nake yi", wadda ake maimaitawa kullum a majalisa da tasha, ita ke cinye mu. Babur ba ya tafiya da ruwa. Waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, da waɗanda suka kwashe ɗaliban Kuriga a Maris 2024, ba su da gidan mai a daji, ba su da gidan burodi. Wani ne daga cikin gari ya ɗaura jarka a bayan babur ya kai. Katin wayar kuwa da shi ake kiran uba a jiyar da shi kukan 'yarsa har ya sayar da gona. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya sa gwamnatin Kaduna ta hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi a 2021, kuma dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta kama mai tallafawa, ba mai harbi kaɗai ba. Sannan cinikin ba ya tsayawa a burodi. Gobe za su tambaye shi wa ya sayar da masara, wa ya dawo daga Hajji. Ranar da ya amsa ya zama infoma, ranar da ya ƙi su zarge shi da kai rahoto.

Talaucin kuma, maƙwabcinsa da ya fi shi yunwa ai bai kai ba. Wanda aka tilasta shi ne manomin da aka ɗora wa haraji kafin ya shiga gonarsa. Mai cin riba ninki biyu ba ya cikinsu.

Kada ka fasa maganar a masallaci ko majalisa, kada ka kai shi wurin 'yan sa-kai, don wataƙila gawarsa za a kawo maka. Kada kuma ya daina yana zaune a ƙauyen, za su biyo shi. Ku fara fitar da shi da iyalinsa, ya jefar da layin wayar. Sai ku nemi lauya ya raka shi wurin jami'an tsaro a Kaduna, maimakon ƙaramin ofishin ƙauye inda magana ke saurin fita. Kuɗin da ya tara kuma kada a dafa su a gidanku.