Murjanin da Ya Kamata Ka Fara da Shi

Ɗana, jiya muna cikin goge gilashin babban tankin shago ka tambaye ni wane murjani ya dace ka fara sakawa a tankinka na ruwan gishiri mai cin lita 120, ka kuma nuna mini a wayarka hoton wani shuɗi mai rassa kamar ƙahon barewa, ka ce shi ne ya kwanta maka a rai. Ban amsa maka nan take ba saboda maganar tana bukatar natsuwa. Wannan da ka nuna mini sunansa Acropora, kuma ina roƙonka ka jingine batunsa sai ka shekara biyu hannunka yana cikin ruwan nan.

Mutanenmu sun san murjani a matsayin jan dutsen ado da mata suke ratayawa a wuya, amma wannan ƙashinsa ne kawai bayan ran ya fita. Murjani dabba ce mai rai, tarin ƙananan halittu ne da kowace take da baki da 'yan yatsu kewaye da shi. Mafi yawan waɗanda muke kiwo suna ɗauke da wata gansakuka da ido ba ya gani a cikin naman jikinsu, ita ce take sarrafa haske ta samar musu da abinci. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjanin yakan kore ta daga jikinsa, sai ka wayi gari ka tarar ya yi fari fat, daga nan kuma yunwa ta ƙarasa shi.

Acropora da danginsa masu ƙashi suna zuƙe sinadarin kalsiyam da kabonet daga cikin ruwa kullum domin gina ƙashinsu, don haka a ƙaramin tanki irin naka awon ruwan yana hawa da sauka cikin kwana ɗaya, su kuwa abin da suka fi ƙi ke nan. Kuskuren yini guda yakan sa naman ya saluɓe daga kan ƙashin tun daga gindi har sama kana kallo. Masu laushi ba su gina irin wannan ƙashin, suna haƙuri da ruwan da bai gama tsabta ba, kuma suna ba mai koyo damar gane kuskurensa kafin asara ta auku. Da su za ka fara.

Na farko shi ne Discosoma, wanda yake kama da laimar kwaɗi, faifai ne mai laushi ja ko shuɗi ko kore. Ajiye shi a ƙasan tanki inda haske bai yi ƙarfi ba kuma ruwa ba ya bugunsa. Idan ya shimfiɗe ya kwanta a kan dutse to ya ji daɗi. Idan ya miƙe sama kamar mazurari, ƙarin haske yake nema. Idan kuma ya takure ya ƙanƙance, haske ko gudun ruwa ya yi masa yawa. Yana matsawa a hankali ya bar guntun ƙafarsa a baya, guntun ya zama sabo.

Wanda na fi so ka zauna da shi ka karance shi sosai shi ne Sarcophyton, mai kauri kamar jemammiyar fata, mai gindi ɗaya da faffaɗan kai. Idan yana cikin lafiya kansa yakan cika da ɗaruruwan 'yan furanni masu dogon wuya suna kaɗawa. Amma lokaci zuwa lokaci yakan janye su duka, ya yi sumul yana ƙyalli kamar an shafa masa man kaɗanya, ya kwana uku ko mako guda a haka. Masu koyo da yawa a nan suke ruɗewa, su ɗauka ya mutu, su yi ta ɗaga shi daga wannan kusurwa zuwa waccan har su jawo masa ciwon gaske. Saɓa yake yi. Wata siririyar fata ce za ta ɗaye daga kansa ta tafi da dattin da ya kwanta masa, sannan ya buɗe ya fi da kyau. Abin da yake bukata daga gare ka shi ne ruwa mai motsi da zai kwashe fatar. Alamar mutuwa daban take: naman yakan yi laushi yana marmashewa, kuma hancinka zai sanar da kai. Ka sani kuma yana sakin wani sinadari da yake takura wa maƙwabtansa, shi ya sa muke saka gawayin tace ruwa a cikin matata muna sauya shi a kai a kai.

Akwai biyu da sauƙinsu ne matsalarsu. Koren nan mai kama da ciyawa da ake kira Briareum yana shimfiɗa tabarma mai launin shunayya a kan duk abin da ya taɓa, har gilashi, kamar yadda kiri-kiri take cinye gona. Xenia kuwa, wadda furanninta suke buɗewa da rufewa kamar tafin hannun jariri, abar sha'awa ce ƙwarai, amma ita ma haka take mamaya. Ka ɗora kowanne a kan dutsensa shi kaɗai a tsakiyar yashi, kada dutsen ya taɓa sauran duwatsun tankin.

Maganar da ba na so ka ɗauka da wasa ita ce ta Zoanthus da Palythoa, waɗanda suke kama da maɓallan riga masu launi iri-iri. Kiwonsu ba wuya, amma wasunsu, musamman Palythoa, suna ɗauke da dafi mai suna falitoksin, wanda yake cikin mafi munin dafin da aka sani, kuma ido ba ya bambance mai dafin da marar shi. Kada ka taɓa su ba safar hannu, kada ka yanka su ba tabarau, kuma har abada kada ka zuba wa dutsen da suke kai tafasasshen ruwa ko ka kankare shi a cikin ɗaki, domin tururin ya sha kwantar da iyali guda a asibiti. Tun da akwai ƙannenka ƙanana a gida, na fi son ka bar su tukuna.

Idan ɗan kasuwa ya nuna maka Dendronephthya mai ja da ruwan hoda kamar auduga, ka wuce. Ba shi da gansakukar nan, haske ba ya ciyar da shi, kuma ko a hannun ƙwararru yawanci yunwa ce ajalinsa. Bayan wata shida, idan awonka ya tsaya daram, kana iya gwada Caulastrea a matsayin mai ƙashi na farko.

Duk wannan zaɓin ba zai amfane ka ba idan ruwan bai zauna ba. Gishiri ya tsaya a 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, zafi tsakanin digiri 24 da 26. A garin nan da zafin watan Afrilu yake kai digiri 40, wannan shi ne babban yaƙinka. Wata bazara aka ɗauke wuta tun hantsi ina wurin aiki a wata unguwa, na dawo bayan la'asar na tarar ruwan ya haura digiri 32, famfo a tsaye, Xenia ta narke ta zama majina, ruwan ya yi fari kamar tsarin shinkafa. Laimar kwaɗin nan kaɗai ta tsira. Tun daga ranar ban sake haɗa tanki ba sai famfonsa yana kan batir da sola, da fanka tana busa saman ruwa. Fankar tana sa ruwa ya ƙafe da sauri, gishiri kuwa ba ya bin tururi, don haka da tataccen ruwa marar gishiri za ka riƙa cikawa kullum. Kada ka yi amfani da ruwan rijiya ko na famfo kai tsaye, kuma kada maganin kifi mai tagulla ya kusanci tankin, domin tagulla tana kashe murjani.

Tankinka yanzu makonsa uku da zuba ruwa, bai nuna ba. Ka jira sai awon amoniya da na naitirait, gubobin da ruɓewar datti take haifarwa a ruwa, sun koma sifili, abin da yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Kafin nan ka samu littafi ka riƙa rubuta zafin ruwan da asuba da kuma ƙarfe uku na rana har kwana 14, ka kawo mini in gani. Idan lambobin sun yi daidai, zan ciro maka jajayen Discosoma guda biyu daga dutsen kusurwar hagu na tankin shago, ka sa su a ƙasa, kada ka ƙara komai sai sun yi mako biyu a buɗe.