Allura da zaren da suka dace da ɗinkin bargon batik a keke

Hajiya, kin ce kina haɗa bargo mai falle uku da yadin batik, auduga a tsakiya, amma keken yana tsallake ɗinki, zare kuma sai tsinkewa. A ganina laifin allura ne, kar ki wahalar da mai gyara.

Saƙar batik a matse take ƙwarai, ga ragowar kaki da rini a jiki, shi ya sa allurar yau da kullum ba ta huda shi da kyau. Nemi mai tsini sosai, wadda kamfanin allura na Schmetz ke rubuta wa Microtex. Wajen haɗa ƙyallaye, lamba 70/10 ko 80/12 ta isa. Idan za ki ratsa fallen uku gaba ɗaya, koma allurar Topstitch 90/14: kafarta na da faɗi, ba ta goge zare. Duba kwalin allurar kuma, keken gida irin Butterfly na ɗaukar allura samfurin HAx1, manyan kekunan shago galibi DBx1 suke sha.

Zare kuwa, na auduga lamba 50 na fi so, sama da ƙasa. In kina son ɗinkin ya fito fili, sa 40 a sama. A zare, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Zaren da ya daɗe a ajiye, bar shi.

Wanke yadin da ruwan ɗumi tukuna, ki sa tsawon ɗinki kamar milimita 3. Gwada a ƙyalle kafin ki hau bargon, don in aka farke ɗinki a batik, hujin allura kan zauna.