Ƙanina, kuɗin NIL ɗin nan da kake ji ba da mai bizar karatu aka raba ba

Wa'alaikumussalam ƙanina, ya gida, ya jikin Baba? Na saurari saƙonka tun daren jiya, ban amsa bane saboda maganar ba ta minti biyu bace, gara in zauna in rubuta yadda zaka iya karanta wa Hajiya ita ma ta ji. Ka ce ka ga bidiyo ana cewa yanzu yaran da suka fi kowa iya ƙwallon Amurka, wannan ta kokawa da hular kwano, sun daina rububin manyan jami'o'i suna tafiya ƙanana saboda kuɗin talla, to kai ma tunda Allah ya baka tsayi da ƙirji kuma kana buga kwando a Ƙofar Mata me zai hana ka nemi wata ƙaramar jami'a a nan Amurka ka samu karatu ka samu miliyoyi, har akwai wani ejan da ya ce zai haɗa ka in an bashi wani abu. Toh. Rabin abin da ka ji gaskiya ne, amma rabin da ba a faɗa maka ba shine ya shafe ka.

Da can ɗan wasan jami'a a ƙasar nan ko sisi ba a yarda ya karɓa ba, alhali filin jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000, koci na ɗaukar miliyoyin daloli, yaron da ake karya wa ƙafa kuma sai abinci da ɗakin kwana da kuɗin makaranta. Jihar Kalifoniya ce ta fara yin doka a 2019, sannan a watan Yunin 2021 kotun ƙoli ta kayar da NCAA, hukumar wasannin jami'o'i kenan, alƙalai tara duk baki ɗaya, daga 1 ga Yulin 2021 aka saki mara, yaro zai iya sayar da sunansa da hotonsa ga kamfani ya yi talla a biya shi. Shine NIL ɗin da kake ji.

Labarin da ya haifi duk bidiyoyin nan kuwa a nan kusa da ni ya faru, a Jojiya, makarantar Collins Hill da ke Suwanee. Travis Hunter shine yaro na ɗaya a duk faɗin Amurka cikin masu gama sakandare na 2022, ya yi kusan shekara biyu da yi wa Florida State alƙawari, ranar 15 ga Disambar 2021 ranar sa hannu sai yaron nan ya jefar da hularsu ya ɗora ta Jackson State, wata jami'ar baƙar fata a Misisifi da ke buga rukuni na ƙasa. Wallahi ranar nan a wajen aiki ba a yi wata hira ba sai ita, baƙaƙen Amurka da muke aiki tare har da mai ƙwalla, don jami'o'in nan an kafa su ne lokacin da ba a barin baƙi su shiga na turawa, Jackson State ɗin ce ma ta fitar da shahararren ɗan wasa Walter Payton, amma an daɗe manyan yara basa waiwayarsu. Bayan 'yan makonni wani shahararren yaro Kevin Coleman shima ya bi shi can. Aka yi ta yaɗa cewa an biya Hunter miliyan, har Nick Saban kocin Alabama ya faɗa a bainar jama'a a 2022, kocin Jackson State Deion Sanders ya fito ya ce ƙarya ne.

Abin da nake so ka lura da shi shine, Hunter bai je ƙaramar makaranta neman suna ba, da sunansa ya je. Kyamara ce ke binsa, duk inda ya sa ƙafa kamfanoni zasu same shi, kuma ba makarantar ya bi ba, mutum ya bi, Deion, wanda ya buga irin gurbinsa kuma ana lissafa shi cikin waɗanda ba a taɓa kamarsu ba, ya kuma yarda ya bar shi ya buga gaba da baya duka wanda manyan makarantu da wuya su yarda. Shekara ɗaya tak, Disambar 2022 Deion ya koma Colorado, Hunter ya tattara ya bi shi, Coleman ma ya kama gabansa. A Colorado Hunter ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan ƙwallon jami'o'i a 2024, ƙungiyar Jacksonville suka ɗauke shi na biyu a zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru kenan, na 2025. Jackson State ta koma inda take.

Kuma kalmar ƙarama ɗin nan ma tana yaudara. Sau da yawa in ka ji an ce yaro ya ƙi Alabama ko Ohio State ya tafi ƙaramar makaranta, ba ƙarama bace, wadda bata saba cin kofi bace kawai amma ta samu attajiran tsofaffin ɗalibai da suka haɗa asusu. Texas Tech kenan, masu kuɗin man fetur ne a bayansu, a Yulin 2025 Felix Ojo ya zaɓe su, wakilinsa ya ce kwantiragin dala miliyan 5.1 ne na shekara uku. Ainihin ƙananan kuwa abin ya zame musu ciwo, tunda aka sassauta dokar sauya makaranta a 2021 suka zama kamar gonar reno, su ɗauko yaro ba wanda ya san shi, su horar da shi shekara biyu, yana fara haske manya su zo da jaka su ɗauke.

Alƙawarin kuɗin ma ba kullum yake zama kuɗi ba. Jaden Rashada an ce masa dala miliyan 13.85 a Florida, ya sa hannu, maganar ta wargaje a farkon 2023, ya kai ƙara kotu a 2024, ya yi ta yawo daga Arizona State zuwa Georgia zuwa Sacramento State. Matthew Sluka a jami'ar UNLV ya ci wasa uku a jere a Satumbar 2024 ya ajiye kaya, wakilinsa ya ce an masa alƙawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba, makarantar ta musanta. Waɗannan 'yan ƙasa ne fa, masu lauya da iyaye a kusa.

Yanzu ga inda abin ya zo kanka, dan Allah ka karanta wannan sau biyu. Kai in ka zo da bizar karatu zaka zo, F-1. Wannan bizar bata yarda ka yi aiki a wajen makaranta ba sai da izini na musamman da ya shafi karatunka, a cikin makaranta ma awa 20 ne a sati in ana zangon karatu. Ka tsaya a ɗauke ka hoto da lemo a hannu a biya ka, aiki ne. Ka sa talla a Instagram kana zaune a ƙasar Amurka a biya ka, aiki ne. Ka zauna kana sa hannu a riguna a biya ka, aiki ne. In aka kama ba koci ne zai hukunta ka ba, takardar zamanka ce zata mutu, karatun da wasan duk su tafi tare, kuma dawowa ƙasar ta zama da wuya. Wato ku biyu a ɗaki ɗaya, kai ma ka fi shi iya wasa, shi yana karɓa kai kana kallo.

Oscar Tshiebwe ɗan Kwango da ya buga kwando a Kentucky, shine gwarzon ɗan wasan jami'o'i na duk ƙasa a 2022, amma sai da ƙungiyarsu ta je wasa tsibirin Bahamas a watan Agusta sannan ya samu ya yi tallace-tallacensa a jere cikin sati guda saboda ya fita daga ƙasar Amurka, jaridu suka ce ya haɗa kusan dala 500,000. Ka ga dabarar kenan, a yi aikin a waje, amma wannan gwarzon ƙasa ne da jami'a mai lauyoyi ta tsaya masa, wane kamfani ne zai bi sabon yaro ɗan benci har Kano don ya ɗauke shi hoto? A Yunin 2025 kotu ta amince da wani sulhu da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, kusan dala miliyan 20.5 kowace makaranta a shekarar farko, to shima hukumar shige da fice bata fito ta ce mai F-1 ya karɓa lafiya lau ba, kowace makaranta da yadda lauyanta ke lallaɓawa, kuma ƙananan da kake hange yawancinsu basu da ko kusa da wannan kuɗin.

Ban faɗi wannan don in kashe maka gwiwa ba, ina so ne ka nemi abin da yake naka. Abin da yake naka sikolashif ne, kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai, wanda in da aljihu zaka biya dubban daloli ne masu yawa duk shekara, ka lissafa da canjin yau ka gani. A nan ne ƙaramar makaranta ta fi maka, ba don talla ba, don can ne koci zai yi haƙuri da wanda bai taɓa sa hular kwano ba. Christian Okoye daga Inugu ya zo Azusa Pacific a 1982, ƙaramar makaranta ce a Kalifoniya, jifan faifai ya kawo shi, sai 1984 ya fara taɓa wannan ƙwallon, Kansas City suka ɗauke shi a 1987, a 1989 ba wanda ya kai shi gudu da ƙwallo a duk NFL. Prince Tega Wanogho daga Delta kwando ya zo bugawa a wata sakandare a Alabama kamar dai kai, kocin ƙwallo ya ga jikinsa, ya ƙare a Auburn. Hanyar tana nan, amma waɗanda suka bi suka isa NFL ƙalilan ne, cikin 'yan wasan jami'a ɗari ko biyu basa kaiwa, shi yasa nake ta nanata digiri. Wasan kuma na karo ne ƙanina, gwiwa na tsinkewa, kai na buguwa, na ga yaro a cikin jama'armu nan da wasansa ya ƙare a rana ɗaya yana shekara 20, abin da ya cece shi bai yi wasa da aji ba.

Ƙofofin gaskiya sanannu ne. Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan NFL, yana da shirin neman yara a Najeriya, NFL sun yi sansani a Gana a 2022, Kenya 2023, Legas 2024, akwai kuma makarantarsu ta NFL Academy a Loughborough ta Ingila da ke tura yara jami'o'in Amurka. Kowace jami'a imel ɗin kocinta yana shafinta a fili, kai da kanka zaka iya tura bidiyo. Sannan dole ka yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA su duba sakamakonka, rukuni na ɗaya suna neman darussa 16 na asali da maki 2.3, WAEC ɗinka kenan take da nauyi fiye da yadda kake zato. Kar kuma a taɓa maka shekaru, ko wa ya baka shawara, takardunka na WAEC da fasfo da bankin duk sai sun yi magana ɗaya.

Shi kuma ejan ɗin, kar a bashi ko kwabo. Shekaru uku da suka wuce wani ɗan unguwarmu iyayensa suka sayar da fili suka tura wa irin wannan mutumin, ya aiko da takarda mai tambarin makaranta, da na kira ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantar suka ce basu taɓa jin sunan yaron ba, har yau mahaifiyarsa in mun yi waya sai ta yi kuka. Takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, makaranta ce ke bayarwa da kanta, ba a saye a hannun mutum. Kuɗin da ake biya sanannu ne, a 2025 dala 350 ne na SEVIS, rajistar ɗaliban waje kenan, da 185 na biza, kuma a Yulin 2025 an mayar da bizar 'yan Najeriya ta wata uku shiga sau ɗaya, wato wanda ya shigo in ya je gida hutu ma sai ya sake neman wata, ka riƙa duba shafin ofishin jakadanci don dokokin suna ƙara matsewa.

Ka turo min hoton sakamakon WAEC ɗinka, da tsayinka da nauyinka na gaskiya a kan sikeli, da bidiyo na gudun yadi 40 wanda wani ya riƙe agogo, da wani kana tsalle a filin kwando, ba kiɗa ba kwalliya. Akwai kocin sakandare da muke sallar Juma'a tare, zan nuna masa ya faɗa mana tsakani da Allah ko jikin naka na ƙwallon ne ko kwandon ya fi maka. Lambar ejan ɗin ma turo min ita. Ka gaida Hajiya, ka ce mata kar a taɓa filin nan, zan kira ta ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku insha Allah.