Littafin da na saya a wannan manhaja, me ya sa bai bi ni zuwa waccan ba?

Tambayoyin wannan makon duka uku sun zo ne a kan wasan ba da labari na tebur, irin su Dungeons & Dragons (D&D a taƙaice) da Pathfinder. Ga wanda bai san shi ba: mutum huɗu ko biyar ne ke zama, ɗaya ya ja labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko abin ya yiwu. Ba a zuba kuɗi, ba caca ba ce. A Amurka aka fara buga shi a 1974, yanzu kuma da yawa ta intanet ake yinsa.

Tambaya daga wani ɗalibi a Samaru: Malam, mun haɗa kuɗi mun sayi littafin dokoki a D&D Beyond, shafin intanet da ke sayar da littattafan wasan, na kuma gina jarumina a can. Yanzu mai jan labarinmu ya koma Roll20, wani shafin da ake buga wasan ta intanet, an ce sai mun sake sayen littafin. Babu hanyar kwaso abin da muka biya?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya ɗaya ce, babu. Abin da kuka biya izinin karanta littafin ne a cikin gidan D&D Beyond, kamar wanda ya kama hayar shago a kasuwar Sabon Gari: kana ciki kana ciniki, amma ba ka ɗaga shagon ka kai Tudun Wada. Roll20 da Fantasy Grounds, wata manhajar buga wasan, kowanne yana sayar da nasa kwafin dabam.

Yana da kyau ka san wa ke da gidan. D&D Beyond ya fara ne a 2017 a hannun wani kamfani dabam, sai a 2022 Hasbro, uwar kamfanin Wizards of the Coast mai wasan, ta saye shi a kan dala miliyan 146.3. Tun daga ranar, mai dokokin wasan ya zama shi ne kuma mai ɗaya daga cikin manhajojin da ke gogayya a kasuwar. Ni a nan damuwata take. Wanda ke ba sauran 'yan kasuwa izinin sayar da kaya, shi ma ya buɗe rumfa a bakin ƙofa, ba shi da wani dalilin sauƙaƙa maka fita. Shi ya sa D&D Beyond bai buɗe wa masu rubuta manhaja wata ƙofa ta hukuma da za su ɗebo bayanan jarumi ba. Abin da zai ba ka shi ne takardar PDF, wadda ido ke karantawa amma wata manhajar ba ta iya aiki da ita kai tsaye. Alhali jarumin nan kai ka zauna ka gina shi, dare nawa kana rubuta tarihinsa. Littafin nasu ne, ban musa ba. Jarumin kuwa guminka ne, kuma ina ganin hakkinka ne ka tafi da shi duk inda kake so.

Mafita ta yanzu: ka bar jarumin inda yake, ka ɗora wa burauzar kwamfutarka, Chrome ko Firefox, wani ƙarin manhaja kyauta mai suna Beyond20. Idan ka danna jifa a takardarka ta D&D Beyond, sakamakon zai bayyana a Roll20. Ba kamfanin ne ya yi shi ba, don haka duk ranar da suka sauya fasalin shafinsu yana iya tsayawa sai an gyara. Ka kuma sauke PDF ɗin duk lokacin da jarumin ya ƙara mataki, ka ajiye a wayarka.

Tambaya daga Tudun Wada: Waya kawai gare mu, data kuma sai a hankali. Wace manhaja ta dace?

Amsa: Ku gwada Owlbear Rodeo, taswira ce da alamomi kawai, tana buɗewa a burauzar waya kuma akwai ta kyauta. Murya ku yi ta WhatsApp ko Discord, ku kashe bidiyo. Foundry, wadda ta fito a 2020, ita na fi so don sau ɗaya ake biyan dala 50 kuma duk bayanan wasan a kwamfutarka suke zama, amma ba don waya aka gina ta ba, sannan in an ɗauke wuta a gidan mai jan labari wasa ya tashi.

Tambaya daga wata ɗaliba a Kongo: Ina koyon rubuta manhaja, ina so in yi wadda za ta riƙa gina jarumi da Hausa. Kamfanin ba zai kai ni ƙara ba?

Amsa: Malama, wannan tambaya ta faranta mini rai, kuma amsarta tana da tarihi. A shekarar 2000 Wizards of the Coast ta fitar da wani lasisi da ake kira OGL, wanda ya ba kowa damar amfani da ginshiƙin dokokin wasan. Daga wannan ƙofa Pathfinder na kamfanin Paizo ya fito a 2009 har ya zama babban kishiya. A Janairun 2023 sai wani daftari ya fallasa cewa kamfanin na shirin soke tsohon lasisin, ya kuma karɓi kashi 25 cikin 100 na abin da ya haura dala 750,000 a cinikin masu amfani da shi. 'Yan wasa suka yi ca, da yawa suka janye kuɗin da suke biyan D&D Beyond duk wata. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, ya sanya kundin dokokin da ake kira SRD 5.1 a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya karɓe shi bayan an bayar. A 2025 suka ƙara da SRD 5.2 mai sababbin dokoki, a kan lasisin dai.

Abin da wannan ke nufi gare ki: duk abin da ke cikin kundin nan kina iya fassara shi zuwa Hausa, ki sa a manhajarki, har ki sayar, muddin kin rubuta a fili daga ina kika samo. Amma ki kula, kundin ba shi ne dukan littattafan ba. A 5.1, alal misali, kowane rukunin jarumi, kamar mayaƙi ko matsafi, reshe ɗaya kawai aka saki. Abin da ba ya ciki kada ki kwafa, tambarin kamfanin ma ki bar musu. Ba sai kin zauna buga komai da hannu ba, shafin Open5e ya riga ya tsara waɗannan bayanai yadda manhaja za ta ɗeba kyauta. In kuma Pathfinder kika zaɓa, dokokinsa suna shafin Archives of Nethys a buɗe da yardar Paizo, sai dai ki karanta sharuɗɗan lasisinsu tukuna domin ba iri ɗaya ba ne da na Creative Commons.

Roƙo ɗaya nake yi miki. Tun a zubin farko ki sa maɓallin da zai fitar wa mutum jaruminsa a fayil ɗin JSON, tsarin da kowace manhaja ke iya karantawa, kamar yadda Pathbuilder, manhajar gina jaruman Pathfinder, ke yi har ake shigar da jaruman cikin Foundry. Aikin yini ɗaya ne ga mai koyo. Idan kin kai wurin kika maƙale, ki turo mini tsarin bayanan naki mu duba tare.