Zauren Tambaya: Dashen Itace Ranar 'Yancin Kai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar firamare a Maigatari. Maigidana yana fataucin dabbobi, yakan ƙetara Damagaram a kai a kai, shi ya ba ni labari wai a Nijar in ranar bikin samun 'yancin kai ta zo itatuwa ake dasawa, tun daga shugaban ƙasa har ɗan makaranta. Abin ya burge ni, domin mu nan in 1 ga Oktoba ta zo hutu kawai ake ba mu, yaran ma ba su san dalilin hutun ba. Shin da gaske ne? Daga ina abin ya samo asali? Kuma ina da niyyar in haɗa ɗalibaina mu dasa itatuwa a harabar makaranta ranar 1 ga Oktoba. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Maigidanki bai yi miki ƙari ba ko kaɗan. Nijar ta samu 'yancin kai daga Faransa ranar 3 ga Agustan 1960, wata biyu kafin Najeriya, kuma Diori Hamani ne ya yi shelar hakan a Yamai. Dashen itacen daga baya ya zo. Bayan farin nan da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai har 1974, wanda ya karkashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu, sojoji suka kifar da Diori a watan Afrilun 1974, Seyni Kountché ya hau. A 1975 gwamnatinsa ta haɗa ranar 'yancin kai da bikin dashen itace. Mutanen da suka ga rairayi yana cinye gona da idonsu ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Ni gani na yi, ba ji ba. Mahaifiyata 'yar Maraɗi ce, kuma wata shekara ina saurayi 3 ga Agusta ta riske ni a gidan kawuna. Da hantsi muka bi jama'a zuwa wani fili a bayan gari. Ma'aikatan gandun daji sun riga sun haƙa ramuka tun jiya, layi-layi, kowane rami an ajiye masa ɗan dashe a cikin baƙar leda. Manya suka iso da fararen riguna. Na ga wani babban mutum ya tattare hannun babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa, ya durƙusa da ƙyar, aka miƙa masa reza ya tsaga ledar, ya saka dashen a rami, ya tura ƙasa da tafin hannu. Aka ba shi butar ban ruwa ya zuba, aka yi tafi, makaɗa suka ɗauka. Daga nan aka sake mu, yara da manya, kowa ya kama rami. Nawa darbejiya ce, wadda su can suke kira bedi. Har yau ina tuna ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan, don an kwana ana ruwa.

To, riƙe wannan maganar ta ruwa, Malama, domin a nan amsar tambayarki take. Ranar 3 ga Agusta tsakiyar damina ce. Ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, kuma akwai sauran mako shida ko bakwai na ruwan sama a gaba, wanda zai ishi saiwa ta kama. Mutanen Nijar sun yi dace da ranarsu ta faɗo a kan lokacin dashe. Tamu ranar ba ta yi wannan dacen ba. A Maigatari, 1 ga Oktoba damina ta riga ta naɗe tabarmarta, in ma an samu wani ruwa na bankwana ne. Itacen da kika dasa ranar, abin da ke jiransa shi ne iskar hunturu, sai bazara, wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa daga sama. In a Fatakwal kike da na ce bismilla. A bakin iyaka kuwa, dashen Oktoba reno ne irin na jariri, kuma sai kin shirya masa.

Bari in ƙarasa miki labarin darbejiyata. Da na koma Maraɗi bayan wata shida na ce sai na je na gan ta. Filin nan da muka cika da ɗaruruwan dashe, abin da na tarar 'yan tsirarun kore ne nan da can, sauran duk ƙirare, awaki suna kiwo a tsakani hankali kwance. Tawa ban ma gane raminta ba. Na dawo gida ina ta ƙorafi, kawuna bai ce komai ba, sai washegari ya ɗora ni a bayan kekensa muka tafi gonarsa. Gawo ne da ƙalgo da aduwa a warwatse cikin gonar, wasu sun fi ni tsawo, kuma ya ce ko ɗaya bai dasa ba. Kututturan da a da ake sarewa a ƙone lokacin sharar gona, su ya daina sarewa. In kututture ya yi toho, sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin kakanni, ba ta neman ban ruwa. Ya ce da ni, "Wanda ka dasa baƙo ne, sai ka yi masa hidima. Wannan ɗan gida ne."

Wannan dabara suna kiranta sassaben zamani. Ta yaɗu daga yankin Maraɗi tun farkon shekarun 1980, kuma wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana cikin waɗanda suka tsaya a kanta. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo kuwa manomi ba ya faɗa da shi, domin da damina yake zubar da ganye, bai tare wa gero rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'yansa. Ba ina rage wa bikin 3 ga Agusta daraja ba ne. Bikin ne ya sa maganar itace ta shiga bakin kowa, shekara da shekaru ana nanata ta a rediyo, kuma akwai dashen da ya rayu aka ci moriyarsa, kamar layukan darbejiyar da aka fara dasawa a kwarin Majiya ta jihar Tawa a 1975 don tare iska. Amma duk inda kika ga dashe ya rayu, ki bincika, za ki tarar akwai mai tsaronsa.

Shawarata ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki yi dashenki a watan Yuli, kafin a tashi dogon hutu, ruwan sama ya yi miki renon wata biyu kyauta. Ranar 1 ga Oktoba kuma ta zama ranar ƙidaya: a fito da yara a zagaya, a ga nawa suka rayu, a gyara shinge, a damƙa wa kowane aji itacensa da sunan ajin a jiki. In kuwa bana lokaci ya ƙure kuma ranki ya kafe a kan Oktoba, to ki dasa goma, kada ki dasa ɗari. Ki zaɓi darbejiya, ita ce mai jure wuya. Rami ya kai kamu guda, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Shinge tun ranar, na ƙaya ko na tsofaffin bulo, don akuya ba ta san bikin ƙasa ba. Biyu ko uku ki sa su kusa da inda yara ke alwala, waɗannan sun samu ruwansu ke nan. Sauran a binne musu tsohuwar randa mai ɗan huji a gindi, a riƙa cikawa sau biyu a mako. Kuma ki shirya da maigadin makaranta kan hutun Disamba da na Afrilu, nan ne yawanci ake asarar dashen makaranta.

Maganar yara ba su san dalilin hutu ba kuwa, wannan laifinmu ne mu manya. Mu a zamaninmu da ƙafa muka san ranar. Mako uku muna atisayen maci bayan an tashi, daren ranar a goge yunifom da dutsen guga na gawayi, a wanke farar safa, da safe a jera mu a fili cikin rana muna jiran manya su iso, wani ya yanke jiki ya faɗi a ɗauke shi a kai inuwa. Ban ce wahalar ta koya mana tarihi ba, amma dai mun san akwai abin da ya faru. Ki tara su ki ba su labarin kamar tatsuniya: tsakar daren 30 ga Satumba 1960 a filin sukuwa na Ikko, wato Legas, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari da kore, Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya Elizabeth, wanda ya karɓi ragamar ƙasa a matsayin Firayim Minista tsohon malamin makaranta ne daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma filin yau sunansa yake ɗauke da shi. Tutar ma ɗalibi ne ya zana ta, Taiwo Akinkunmi, yana karatu a Landan, ya rasu a 2023. Wannan na ƙarshen yakan kama hankalin yara.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Illela. Na lura maƙwabtanmu na Ƙonni sun fi ɗokin 18 ga Disamba a kan 3 ga Agusta. 'Yancin kai biyu suka samu ne?

AMSA: Guda ɗaya ne, Alhaji, amma hawa biyu aka yi kafin a kai. A watan Satumban 1958 Faransa ta shirya ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da take mulka: ko a zauna cikin tarayya da ita, ko a fita nan take. Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a fita, sakamakon da aka bayyana ya ce a zauna. Gini ta Sékou Touré ce kaɗai ta fita a lokacin. Ranar 18 ga Disamban 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar mai cin gashin kanta a ƙarƙashin inuwar Faransa, cikakken 'yanci ya biyo baya a 1960. Saboda haka 18 ga Disamba ranar jamhuriya ce.

Abin da ya sa ta fi armashi, na farko lokaci ne: an gama girbi, rumbu ya cika, sanyi ya sauka, jama'a na da sukunin kallon fareti da kokawa da sukuwar dawaki da raƙuma. A Agusta kowa yana gona. Na biyu, tun 2006 zamanin Tandja Mamadou aka fara zagayawa da bikin jiha-jiha, aka fara da Damagaram. Zamanin Mahamadou Issoufou aka farfaɗo da tsarin, kowane gari da sunan da aka raɗa wa shirinsa: Doso a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, Tilaberi a 2019, Difa kuma aka ɗage nata daga 2020 zuwa 2021. A waɗancan shekarun garin da bikin ya faɗo wa yakan samu kwalta da fitilun titi da gyaran filin wasa da masaukan baƙi. 'Yan'uwana na Maraɗi suna da ƙorafinsu kan ayyukan da aka bari rabi da rabi bayan baƙi sun watse, amma titunan da aka shimfiɗa suna nan ana bi. Ni dai da za a tambaye ni abin da Najeriya za ta ara daga maƙwabta, wannan zagayen zan fara nunawa kafin dashen itace.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Gusau. Da gaske ne jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba aka haife ta? Kuma me ya sa yanzu ba a cika yin babban fareti a Abuja ba?

AMSA: Da gaske ne, 'yata. A jawabinsa na ranar 'yancin kai ta 1996 Janar Sani Abacha ya sanar da sababbin jihohi shida: Zamfara, Gombe, Nasarawa, Ekiti, Ebonyi da Bayelsa. Ku biki biyu gare ku a rana ɗaya. Ranar ce kuma Najeriya ta zama jamhuriya a 1963, ita ce aka rantsar da Shehu Shagari a 1979.

Fareti kuwa, 2010 ce ta rage masa ƙarfi. Ana tsakiyar bikin cika shekara 50 bama-bamai suka tashi cikin motoci kusa da dandalin Eagle Square, mutane aƙalla 12 suka mutu, ƙungiyar MEND ta yankin Neja Delta ta ce ita ta kai harin. Shekarun da suka biyo baya sai aka mayar da bikin cikin fadar Aso Rock, 'yan sojoji kaɗan su yi sauyin masu gadi, a yanka kek, a saki tattabaru. An koma dandalin a wasu shekarun, a 2025 kuma gwamnati ta soke faretin ana saura kwana biyu. Abin da ba a cika fashinsa ba shi ne jawabin shugaban ƙasa da sassafe. Ni a rediyo nake saurarensa, a ƙofar gida, da kofin kunu a hannu.