Me ya sa GParted ke neman kalmar sirri bayan na sa NOPASSWD?

Ɗana, na ga tambayarka. Ka ce ka buɗe sudoers, fayil ɗin dokokin sudo, da umarnin visudo, ka rubuta NOPASSWD a gaban sunanka don ya daina neman kalmar sirri, yanzu sudo ba ya tambayarka komai a tarminal, amma da ka danna GParted, manhajar raba faifai, ko Synaptic, manhajar saka manhajoji, sai tagar nan ta sake fitowa tana neman kalmar sirri. Kana zargin ko hannunka ya zame wajen rubutu. Bai zame ba. Ƙofar da ka buɗe daban, wadda kake ƙwanƙwasawa daban.

Masu gadi biyu ne a Linux ɗin tebur. Na farko sudo, shi ke kula da umarnin da kake bugawa da hannu, kuma littafinsa sudoers. Na biyu polkit, wanda a da ake kira PolicyKit, shi manhajoji masu taga ke zuwa wurinsa neman izini, wasu ta hanyar umarninsa pkexec, wasu kai tsaye. Polkit ba ya leƙa sudoers ko sau ɗaya. Ko ka cika shi da NOPASSWD daga sama har ƙasa, shi dai sai ya tambaya.

Na san abin da zai zo maka a rai: to bari in riƙa buga sudo a gaban sunan manhajar kawai. Kada ka saba wa hannunka da wannan. Manhaja mai taga tana rubuta ƙananan fayilolin saiti, in ta tashi da ikon root, wato babban asusu mai iko da komai, sai ka wayi gari wasu fayiloli a cikin foldarka sun zama mallakar root, kai mai su ba ka iya taɓa su. A kan Wayland ma, sabon tsarin nuna tagogi a allo, sau da yawa tagar ba za ta buɗe ba. Mu da muka daɗe mun yi aiki da gksu, mai buɗe manhajoji masu taga da ikon root, amma an yi watsi da shi, Ubuntu ta cire shi tun fitowar 18.04. Idan fayil guda kake son gyarawa, sudoedit ya ishe ka, ko ka rubuta admin:// a gaban adireshin cikin manhajar fayiloli ta GNOME.

To, yadda ake magana da polkit. Kowane aiki yana da sunansa a wurinsa. Buga pkaction za ka ga jerinsu, asalinsu kuma yana cikin /usr/share/polkit-1/actions/. Can karatu kawai za ka yi, kada ka gyara komai, domin sabuntawa ta gaba za ta shafe gyaranka. Na Synaptic com.ubuntu.pkexec.synaptic ne, na GParted org.gnome.gparted. Sai ka ƙirƙiri fayil, misali /etc/polkit-1/rules.d/49-synaptic.rules, ka sa wannan a ciki:

polkit.addRule(function(action, subject) {
  if (action.id == "com.ubuntu.pkexec.synaptic" &&
      subject.isInGroup("sudo") &&
      subject.local && subject.active) {
    return polkit.Result.YES;
  }
});

Karanta shi a tsanake. Yana cewa: wannan aiki guda ɗaya, ga mutumin da ke cikin rukunin sudo, wanda yake zaune a gaban kwamfutar da kansa kuma zamansa ne ke kan allo, a bar shi ya wuce. Sharuɗɗan nan biyu na ƙarshe su ne almajirai suka fi tsallakewa, alhali su ke hana wanda ya shigo daga nesa ta SSH cin moriyar dokar. A Fedora ko Arch sunan rukunin wheel ne. Lamba 49 kuwa dalilinta shi ne ana bin fayilolin bi da bi gwargwadon sunansu, dokar da ta fara ba da amsa ita ke aiki, shi ya sa muke so tamu ta riga 50-default.rules.

Kafin ka rubuta, duba sigar da pkaction --version. Idan ka ga 0.105, kamar a Ubuntu 22.04, wannan fayil ba zai yi komai ba, domin ita tsohon salo take bi, fayilolin .pkla a cikin /etc/polkit-1/localauthority/50-local.d/. Dokokin JavaScript, irin wadda muka rubuta a sama, daga 0.106 suka fara, Debian kuma sai a fitowa ta 12 ta koma kansu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Za ka ci karo da masu cewa ka cire layin action.id ɗin, ka mayar da YES ga kowane aiki, ka huta. Wallahi ban yarda da wannan ba. A watan Janairun 2022 masu binciken tsaro na Qualys suka bayyana wani rauni a pkexec da aka yi wa laƙabi PwnKit, wanda ya kwanta a ciki tun 2009: kowane mai ƙaramin asusu na iya zama root ba tare da kalmar sirri ba. Duniya ta tashi tsaye aka toshe shi. Dokar a buɗe komai kusan wannan ramin take sake haƙawa a asusunka, da hannunka, yadda duk wata muguwar manhaja da ta tashi da sunanka za ta samu iko ba tare da ko taga ta fito ta faɗakar da kai ba.

Ko doka guda ɗin ma ka auna ta. Mai iya saka manhaja ba tambaya kusan ya riƙe kwamfutar baki ɗaya, don haka a kan taka kaɗai na yarda, ba ta mai kawo gyara ba. GParted kuwa ni ba na buɗe masa. Na taɓa ganin kwamfutar da aka bar shi a sake, wani ya zauna a gabanta ya danna abin da bai sani ba, aikin shekaru ya tafi. Sau nawa kake raba faifai a wata? Daƙiƙa biyar ɗin buga kalmar sirri su ne lokacin da za ka sake duba ko faifan da ka zaɓa shi ne kake nufi.

In ka adana fayil ɗin ba sai ka sake kunna kwamfuta ba, polkit zai lura da kansa. Buɗe Synaptic ka gani. In har yanzu yana tambaya, buga journalctl -u polkit, galibi za ka tarar baka ɗaya ce ba ka rufe ba, ko ka yi kuskure a sunan aikin. Ka kawo min abin da ya nuna maka mu duba tare.